Abin da Akawal Ya Rage a Komi

A duk tatsuniyoyin Iya Kulu babu wadda ta ci mini rai irin ta mai sharar barga. Yanzu ni ma na kusa samun jika, amma har yau ban manta ta ba.

Iya Kulu kakarmu ce ta wajen uba. A gidanmu na Kusfa ɗakinta ne na ƙarshe, jikin madafi, kuma da damina a madafin muke taruwa bayan sallar magariba saboda tsakar gida duk ta jiƙe. Takan tura masara biyu ko uku cikin garwashin da ya rage bayan an sauke tuwo, ta zauna kan 'yar kujerarta ta miƙe ƙafa. Mu kuma mu kewaye murhu, hayaƙin ɗanyen itace yana sa mu hawaye, amma ba mai tashi. Mun kai mu bakwai, sai dai waɗanda ba sa fashi mu biyu ne, ni da ƙanena Bashir. Shi take kira maigidanta. Ni kuwa ban taɓa jin Hajara a bakinta ba, sai dai uwar tambaya.

Ita ɗiyar mai kiwon dawaki ce. Mahaifinta ya yi barga a wajen Ƙofar Kuyambana, fatake suna kawo masa dawakinsu yana riƙe musu. Shi ya sa in doki ya wuce ta bayan katangarmu, daga ƙarar kofatonsa kawai sai ka ji ta ce, "Wannan ƙafarsa ta gaba ba lafiya." Mu yi ta dariya muna cewa Iya ta fara duba.

In za ta fara takan ce, "To, ga wata nan a bakin ƙofa." Mu ce, "Ta shigo, akwai wuri."

Wai a wani gari an yi wani attajiri mai doki akawal, wato baƙi wuluk, da fari a goshi da fararen ƙafafu. Mutanen garin sun gaji wata magana tun kakanni, cewa doki mai irin wannan kama ba a wuce shi, da sa'arsa aka haife shi. Sai aka sa ranar sukuwa tsakaninsa da wani hurde na maƙwabcin gari, mai tabbare-tabbare da langaɓaɓɓun kunnuwa, abin dai ba kyan gani. Gari ya ɗauki caca. Mai akuya ya sa akuyarsa, mai rumbu ya sa dawarsa, kowa a kan akawal.

A gidan attajirin akwai wata tsohuwa, aikinta share barga. Ita ce ta lura kwana uku ke nan akawal bai cinye abincinsa ba, kullum da saura a komi, inda ake zuba masa abinci. Ta ga kashinsa ya bushe ya ƙanƙance. Ta ga in yana tsaye a turke, ƙafarsa ta gaba da bakin kofato kawai yake dafa ƙasa. A nan Iya takan kamo ƙafar Bashir ta ɗora tafinta a idon sawunsa, ta ce, "Nan ta taɓa, nan, ta ji zafi rau." Ga shi an kwana ana ruwa fili ya zama laka, kuma wanda zai hau ɗan attajirin ne, ƙato mai tumbi.

Tsohuwa ta je ta durƙusa ta ce, "Maigida, a bar dokin nan ya huta." Attajiri ya ce, "Ke kin taɓa hawa doki?" Ta ce, "A'a, kashinsa nake kwashewa." Zaure ya ɗauki dariya.

Sai wurin gudu. Iya takan kifa ƙwarya ta riƙa buga ta da yatsu, ƙararrap, ƙararrap, akawal ya yi gaba, ya bar hurde a baya, jama'a na ihu. Wannan ne wurin Bashir. Ya riƙa tsalle ke nan yana cewa, "Iya, sake! Sake wurin gudun!" Ta sake masa sau biyu ko uku, daga nan ya fizgi masararsa ya ruga ɗakin Inna, mahaifiyarmu. Ban taɓa ganin ya zauna ya ji ƙarshen ba, ko sau ɗaya.

Ƙarshen kuwa shi ne a kwanar gindin kuka ƙafar akawal ta nutse cikin laka ta karye, hurde ya zo ya wuce abinsa. Mutanen gari suka taru suka nufi gidan attajiri. Ni a tsammanina haƙuri za su ba tsohuwa. Ina! Cewa suka yi bakinta ne ya kama dokin. Suka kore ta daga garin, ita da tsintsiyarta.

"Shi ke nan?" in ji ni.

"Shi ke nan. Na ajiye ta, mai so ya ɗauka."

"Ba su ba ta haƙuri ba?"

"Uwar tambaya, wa ya gaya miki ana ba mai shara haƙuri?"

Kai, takaici! A sauran tatsuniyoyinta mugu yana ganin sakayya, marainiya ta auri ɗan sarki, kowa ya tashi da murna. Wannan kaɗai ce aka bar mai gaskiya a titi. Na roƙe ta ta canza ƙarshen, na yi fushi, har na taɓa ƙin cin masara. Ta ce, "Ki ci ko ki bari, haka aka yi."

Iya ta rasu ina aji biyu a sakandare. Na yi aure, na zama malamar firamare. Bashir ya kama sayar da kayan gini, Allah ya buɗa masa, sai ga shi ya sayo dokin sukuwa ya kafa masa turke a bayan gidanmu. Akawal ne, har da farin goshi. Ya sa masa suna Walƙiya. A ranin farko sau uku ana fita da shi filin sukuwa, sau uku yana zuwa na ɗaya. Zauren gidanmu ya koma majalisar abokansa, kullum suna duƙe kan waya suna maimaita bidiyon gudun. Caca suke yi a tsakaninsu, a ɓoye, don a cikin birni ba wanda zai yarda a kira shi ɗan caca. Bashir yakan ce mini, "Ni ba ruwana, Yaya, sha'awa ce kawai." To, na ji.

Wata Juma'a cikin damina na shigo gaishe da Inna. Na bi ta bayan gida don in kauce wa mazan da ke zaure, sai idona ya faɗa kan komi. Rabin harawar da aka zuba masa tana nan. Dusar da aka dama masa da kanwa ƙudaje ne ke bin ta. Na dubi ƙafafunsa, sai na ga ta gaba ta dama da bakin kofato take taɓa ƙasa. Na tattare mayafina na sunkuya na ɗora tafina daidai inda Iya ke taɓawa a ƙafar Bashir. Zafi rau. Kuma jibi Lahadi akwai sukuwa.

Ban tsaya shawara ba, zaure na nufa.

"Bashir, dokin nan ba shi da lafiya. Kwana nawa ke nan yana rage abinci?"

"Sanyin damina ne, Yaya."

"Sanyin ne ya sa ƙafarsa zafi? Cin da ya yi sau uku duk a rani ne, ƙasa da tauri. Yanzu kwana uku ana ruwa. Wa ma zai hau shi?"

Ashe siririn mahayin da ya saba da shi ya yi tafiya, wani aka samo, wanda na sani da ƙiba. Wani abokinsa da suke kira Alhaji Tanimu ya miƙo mini waya yana murmushi. "Hajiya, dubi goshin nan. Ɗan Sudan ne fa, uwa da uba. Doki mai wannan tambarin ba ya faɗuwa, kowa ya sani."

Na ce, "Alhaji, da goshin zai taka lakar?"

Aka yi dariya, amma ni ake wa. Bashir ya ɗaure fuska. "Yaya Hajara, ke malamar makaranta ce, ki bar mana harkar doki." Na ce to a kira likitan dabbobi, shi ai ba malamin makaranta ba ne. Ya ce in aka ga likita ya shigo gidan nan, kafin magariba labari ya zaga birni cewa tsoro ya ji. "Mutane sun zuba abinsu a kan Walƙiya saboda maganata. In janye yanzu, da wane ido zan dube su?"

Raina ya ɓaci, bakina ya riga hankalina. Na ce, "Wallahi in ka fita da dokin nan ranar Lahadi, da ƙyar ya dawo gidan nan da ƙafarsa."

Inna daga cikin gida ta ɗaga murya, "Kul, Hajara! Ki ce Allah ya tsare." Na faɗa, amma kowa ya riga ya riƙe ta farkon.

Ban je filin ba. A wayar ɗana na gani. Walƙiya ya yi gaba kamar yadda ya saba, jama'a na ihu, har sai da suka zo kwana, ƙafar nan ta karye ya kifa. Mahayin ya tsira da ƙujewa. Dokin kuwa ya yunƙura sau biyu ya kasa tashi, likitan da aka ƙi kira ranar Juma'a shi aka kira ya yi masa allurar ƙarshe a wurin.

Bayan la'asar na je jaje. Bashir na zaune a zaure, idanunsa sun yi ja. Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Hankalinki ya kwanta, Yaya? Bakinki ya kama shi." Alhaji Tanimu har da gyaɗa kai.

Na shige ɗakin Inna ina kuka, ba na doki kaɗai ba. A ranar ce Inna ta gaya mini abin da ban taɓa sani ba. Iya tana yarinya ita ke share bargar mahaifinta. Ta taɓa faɗin irin wannan magana a kan dokin wani bafatake, abin ya faru, mutumin ya kwashe sauran dawakinsa yana cewa gidan akwai mai mugun baki, mahaifinta kuma ya zane ta. Ashe shi ya sa ta ƙi canza ƙarshen. Wani ƙarshen ba ta taɓa gani ba.

Ina ƙarama na ɗauka darasin shi ne a saurari na ƙasa. Yanzu na ga ba attajirai take wa tatsuniyar ba, mu masu tsintsiya take wa, don mu san abin da ke jiranmu. Kuma har yau ina jin haushinta kaɗan, Allah ya jiƙanta. Ta koya mini duba komi, ba ta koya mini yadda ake faɗa a ji ba. Da na ja Bashir gefe na kama hannunsa na ɗora a kan ƙafar nan, ba a gaban abokansa ba, wataƙila da dokin yana raye. Wannan ita ce take hana ni sakewa.

Wata biyar muka yi ni da Bashir sai gaisuwa sama-sama. Ranar sunan ɗiyarsa na same shi shi kaɗai a bakin tsohon madafin, na ce ya zauna, akwai bashin tatsuniya a kansa. Na ba shi ƙarshen da yake gudu ya bari. Da na gama ya ce, "Ashe korar ta aka yi?" Na ce, "Da tsintsiyarta."

Haƙuri dai bai ba ni ba har yau, kuma na daina jira. Amma ya sayi wani doki, kuma makon jiya matarsa ta kira ni a waya tana 'yan kame-kame, wai in ji shi, in na shigo ranar Juma'a in ɗan bi ta baya in leƙa masa komin.

Na yi tsaki na kashe wayar. Amma zan je, don dokin bai yi mini laifin komai ba.