Farin Alli a Jikin Injin Baba

Motar babanmu kat-san-kat ce mai bashe, wato akori-kura mai rufin tamfol, kuma ta girme ni. Nakan gaya wa mutane cewa ita ta kai albasar farko Madawa, tun albasa ba ta koyi sa mutum hawaye ba. Baba ya tuƙa ta daga Tama har idonsa ya dushe, sannan ya miƙo mini makulli da sharaɗi guda: in ta yi zafi a tsaya, a bar ta ta huce don kanta, ko ɗigon ruwan sanyi kada ya taɓa ta.

Na karya sharaɗin wata bazara, a hawan dutsen da ke bayan Garhanga. Bayan motar cike da matan garinmu da kwandunansu, tururi ya turnuƙe gabanta, ni kuma ina saurin riskar kasuwar Keita. Ga rijiya kusa. Na jawo guga biyu na ɗura mata. Na ji wata ƴar ƙara, kamar an karya ƙashin zabo a gidan maƙwabta. Na ɗaga murya ina ba matan labari don kada kunnena ya sake ji.

Daga ranar ta fi raƙumi shan ruwa, man injin ya koma kalar fura. A gida na ce tsufa ne.

Mai garajin da muke kai ta a Madawa ya kwance injin, ya ajiye bulok ɗin, wato gangar jikinsa, a kan tsohuwar taya. Ya ce hanya biyu ce: ko a rarake ramukan fistan a mayar da shi, ko a sayo wani injin okaziyo, wato na hannu, daga Ƙwanni. Yayana, malamin lakwal, wato makarantar boko, a Buza, ya ce a sayo, har ya nuna mana hoto a salula. Na goyi bayansa da muryar da aka ji a Tawa. Ba ƙaunar sabon inji ba ce. In aka sayo wani, tsohon zai tafi wurin masu gwangwan ba tare da kowa ya leƙa cikinsa ba.

Baba ya ce shi a kai shi garajin.

Muka zaunar da shi a inuwar garajin, kan kujerar wata motar da ta riga tamu mutuwa. Ya shafa bulok ɗin da tafin hannu, ya zura yatsa cikin ramukan ɗaya bayan ɗaya.

"Wanga cin tsuhwa ne, shina gyaruwa," in ji shi. "Amma tsuhwa ba shi haɗa ruwa da mai haka. Ɗana, kana da alli?"

Mai garajin ya ce, "Baba, aikin mutanen da za mu yi?"

"Mutanen da sunka koya ma ubangidanka, i."

Aikin ba wuya. A wanke ƙarfen, a jiƙa shi da kananzir, a goge tas, a shafe shi da farin alli, a bar shi a rana. In akwai tsaga, kananzir ɗin da ya ɓuya a ciki zai fito ya ja layi a kan farin. Baba ya koya mini wannan tun ina ƙarami, kuma ya koya mini abin da ke tsaga bulok. Abu guda ne a wurinsa: ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi.

Yaya ya lalubo alli a aljihunsa, don malamin lakwal ko wanka zai shiga da alli yake shiga. Aka shafe bulok ɗin ya yi fari fat, aka ja shi tsakiyar fili.

Muka jira. Na fara labarin jakin da ya riga mu isa Keita, ba wanda ya yi dariya. Na ce zan je in sayo ruwa, Baba ya ce, "Zamna, sarkin surutu." Na zauna. Zufar da ta zubo mini ranar, da a fadama nake, da ta shayar da kunya uku ta albasa.

Yaya ya tafi alwala. Mai garajin ya tsuguna gaban ƙarfen, ni ina tsaye a kansa. Tsakanin rami na biyu da na uku, wani siririn layi kamar gashin gira ya fara yin duhu. Ya miƙe a hankali, ya yi tsawon ɗan yatsa.

"Mi ya hito?" in ji Baba.

Mai garajin ya ɗago ya dube ni, tsumma a hannunsa. Shafa guda ta isa ta share layin. Ya san ni, mun sha shayi tare, kuma na ga zai yi in na ƙifta ido. Da an rarake, an mayar, Baba ya ji ƙarar da ya saba. Sai dai wata ranar kasuwa, a wani hawa, ta tsaya cak da matan nan a baya, kuma birkinta na san shi.

"Da ku nika magana," in ji Baba.

"Akwai layi, Baba," na ce. Muryata ta fito kamar ta ɗan akuya.

Yaya ya dawo yana yarfe hannu. Baba ya juyo wajena.

"Rijiyar ina?"

"Ta bayan Garhanga."

"Guga nawa?"

"Biyu."

"Kai da ka ce ɗaya ɗari ne, yau ka ce biyu. To biyu ne." Ya juya wajen Yaya. "Kira mutumen Ƙwanni."

Ban rasa makullin ba, amma wata uku Baba bai ce mini komai a kan mota ba, kuma na gwammace zagi. Tsohon bulok ɗin bai je wurin masu gwangwan ba. Baba ya sa aka ɗauko shi har Tama, aka ajiye shi a ƙofar gida, allin bai gama fita ba. A kansa yake zama ya yi alwala. Ranar da sabon injin ya fara tashi, ya karkata kai ya saurara, ya ce muryarsa ta baƙo ce. Sannan ya miƙo mini butarsa in cika masa.

"Hankali," ya ce, "ƙarhen da nika bisa ya sha rana."