Bindigar Malam Boaz

Duk wanda ya yi sakandare a Keffi cikin shekaru ashirin ɗin nan ya san Malam Boaz Zakka, ko da bai so ba. Shi ne mai tayar da masu tsere a gasar wasannin makarantu. Farin wando, farar riga, usur a wuya, ga 'yar bindigarsa mai ƙara kawai a cikin jakar fata. In ya shigo fili sai ka rantse shi ya ci yaƙin duniya. Ni na zauna ofis ɗaya da shi shekara tara ina koyar da Hausa, shi yana koyar da motsa jiki, don haka na san shi fiye da yadda nake bukata.

Bindigar kuwa, wani Fada na cocin Katolika ne ya bar masa da zai koma ƙasarsu, tare da kwali biyu na harsashin ƙara. Da harsashin ya ƙare, mai hankali zai nemi sabo ko ya koma ga usur. Malam Boaz kuwa sai ya zama injiniya. Bayan kowace gasa za ka gan shi duƙe a fili yana tsintar kwanso kamar mai kalar gyaɗa, ya kai gidansa a Angwan Iya, ya sake cika su da hannunsa. Kwanso ɗaya sai ya sha aiki har bakinsa ya kumbura.

Daga nan bindiga ta fara gardama. Ta buga ɗaya, na biyun ya ƙi hawa, ya maƙale a hanya. Malam Boaz ya ce damina ce. Da rani ya zo ya ce ƙura ce. Ya shafa mata man keken ɗinki, ya canza mata jaka, har ya zargi wani malamin lissafi da taɓa ta da hannun hagu.

Wata rana na raka shi wurin Mijinyawa, tsohon soja da ke gyaran injin niƙa a bakin kasuwa. Mijinyawa bai ma kalli bindigar sosai ba. Ya ɗauki kwanso ɗaya ya juya a tafin hannunsa.

"Malam, bindigarka lafiyarta ƙalau. Waɗannan ne suka gaji. Ka zubar da su."

"Ni na cika su da kaina."

"Ai shi ya sa na ce ka zubar."

A hanya Malam Boaz ya ce mini mutumin bai wuce kofur ba, me ya sani.

A lokacin muna da ɗaliba, Febi Godwin, 'yar wani manomi daga Garaku. Ban taɓa ganin mai gudu irinta ba. Tana ajin ƙarshe, kuma a gasar shiyya ta shekarar za a zaɓi waɗanda za su wakilci jiha, a ba su gurbin karatu. Babanta ya riga ya faɗa mata cewa in ba ta wannan hanyar ba, karatu ya tsaya nan. Dokar tseren kuwa ba ta da sassauci: wanda ya tashi kafin ƙarar bindiga an cire shi. Sai dai in mai bindigar ya ce matsalar daga wurinsa take, a nan za a sake jera su.

Ranar gasar ni ke riƙe da takardar sunaye, ina tsaye dab da Malam Boaz. Febi na layin farko, ita ce mafi kusa da mu. Ya ɗaga hannu sama, ya ja kunama. Bindiga ta ce ƙyas, ba ta tashi ba, domin harsashin bai hau ba tun bugun da ya gabata, shi kuma bai duba ba. Febi ta ji ƙyas ɗin ta cilla. Sauran bakwai ba su ji komai ba, suna duƙe.

Alƙalin wasa ya taho. "Malam Boaz, ka ja ne?"

Abin da ake nema a bakinsa kalma ɗaya ce. Ga baƙi daga Lafiya a ƙarƙashin rumfa, ga shugabannin makarantu suna kallo. Ya gyara usur ɗinsa.

"Ban ja ba. Yarinyar ce ta yi gaggawa."

Febi ta dawo tana haki. "Sa, na ji ta. Na ji ta yi ƙara kaɗan."

"Kunnenki ne. Fita daga layi."

Ya juya baya kamar zai share bindigar, ya zaro kumburarren kwanson ya jefa a aljihu. Na gani da idona. Na buɗe baki, sai na tuna ni sabuwar malama ce, shi kuma babba, na mayar da bakina na rufe. Har yau ina jin kunyar wannan shirun, kuma ba na yafe wa kaina don kawai laifinsa ya fi nawa.

Sauran tseren da usur aka ƙarasa. Ya ce yana hutar da bindigar ne.

Yanzu ya yi ritaya. In ka wuce ƙofar gidansa zai tare ka ya faɗa maka bindigarsa ba ta taɓa ba shi kunya ba. Febi kuwa tana koyarwa a wata ƙaramar firamare mai zaman kanta a Garaku, da takardar sakandare kawai. Bara ta shirya wa yaranta gasa ta gayyace ni. Ban san wa ya faɗa masa ba, sai ga shi a kan acaɓa, da farin wando da jakar fata. Bai ma gane ta ba.

"'Yata, na zo in taimaka muku da kayan aiki na gaske."

Febi na riƙe da katako biyu, waɗanda take bugawa yara su tashi. Ta rusuna ta gaishe shi yadda ya kamata, ta sa aka kawo masa kujera da ruwa.

"Baba, mun gode. Katakon nan ya ishe mu. In na buga bai yi ƙara ba, zan ce ni ce."

Ya zauna da jakarsa a cinya, ya juyo ya tambaye ni 'yar gidan wa ce wannan.