Shelar Bafulatanina

Ranar ɗaya ga Muharram na miƙa lasifikar unguwarmu a ƙofar gidan mai unguwa, a nan Gumel. Shekara da shekaru ni ke ɗaure ta a kan babur ina zaga lunguna da shela: an haihu, an rasu, akuya ta ɓata, masu rigakafi na tafe. Likita ne ya ce maƙogwarona ya gaji, in na ci gaba zan wayi gari ba murya. Uwargida ta tsare ni sai da na yi mata alkawarin na bari ke nan, sabuwar shekara sabon zama. Aka ba wani magidanci mai tuƙa adaidaita aikin, ni kuma ɗana ya buɗe mini rumfar riɗi da zoɓo a bakin kasuwa.

Ashe zama ma aiki ne, kuma ban iya shi ba. Da na jiyo lasifika daga nesa sai in ga na miƙe tsaye da mudu a hannu. Sabon mai shelar gudu yake kamar an biyo shi, kafin ya gama faɗin sunan mamaci ya bar layin. Bai san ana tsayawa a mararraba a juya bakin lasifika gabas da yamma don matan cikin gida su ji ba. Na yi ta cizon yatsa. Abin da ya fi ci mini rai, da ni ke fara sanin komai a unguwa, yanzu sai mai shayi ya ba ni labari.

Akwai wani Bafulatani a bayan layinmu, dillalin shanu a karar Maigatari, abokin wasana tun muna samari. Ni Bamange ne, mu da Fulani akwai wasa, don haka bawana nake kiransa, shi ma haka yake kirana. Duk ranar cika-ciki tun da hantsi yake zuwa karɓar shara, ɗan abin da abokin wasa ke bin abokin wasansa, mu wuni muna musun wa ke bin wa, a ƙarshe ya cinye mini tuwo da jelar ragon layya da uwargida ke ajiyewa don ranar. Yakan ce, "Kai Bamange, ranar da na mutu kai za ka yi shelata, dole bawa ya yi wa ubangidansa hidima." Ni kuma in ce, "Zan ce tsohon sa ya ɓata, wanda ya tsinta ya riƙe."

A cika-cikin wannan shekarar ban buɗe rumfa ba. Hantsi ya wuce bai zo ba. Na leƙa waje, na dawo, na sake leƙawa, har uwargida ta ce zan cinye mata bakin zaure da sintiri. Bayan azahar adaidaita ta tsaya a ƙofata, lasifikarta shiru. Sabon mai shelar ya sauko ya durƙusa.

"Baba, sai haƙuri. Allah ya yi wa abokinka rasuwa ɗazu, jana'iza bayan la'asar. 'Ya'yansa sun ce ya sha faɗa musu kai za ka yi shelarsa."

Na waiwaya, uwargida na tsaye a bayan labule ta ji komai. Ta ce, "Malam, nawa alkawarin na yafe. Shi ba ya nan balle ya yafe nasa."

Na shiga bayan adaidaita. A mararrabar farko na karɓi abin magana, na yi salati, na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, muryata ta fita tas kamar da. Da na zo kan sunansa sai ta ƙi. Na sake gwadawa, ta ƙi. Na san wannan ba ciwon da likita ya gani ba ne.

Na miƙa wa direban. Ya sa giya zai ja, na dafa kafaɗarsa na ce, "Tsaya, ɗana. Juya lasifikar gabas. Faɗi a hankali, ka maimaita, matan cikin gida ba su ji ba." Haka muka zaga unguwa, ina raɗa masa yana faɗa, kuma ban ji haushinsa ko kaɗan ba. Tun ranar ban sake taɓa lasifika ba.

Da magariba muka dawo daga maƙabarta. Na tarar da kwano biyu a zaure kamar kowace shekara, nasa an fi cika masa nama. Na ce wa uwargida ta aika wa 'ya'yansa, a ce musu shara ce, bana na yarda shi ke bi na.