Ranar da Shugaban Sashe Ya Durƙusa Mana

Na manta yawancin lissafin da aka koya mana a shekarar farko ta jami'a a Lafiya, amma akwai wata safiya a ɗakin gwaje-gwajen fiziks da har na mutu tana raina.

Wata sabuwar malama ce ta zo mana da salo. Maimakon mu yi ta kwafe allo, sai ta jona wata 'yar na'ura mai auna nisa da kwamfuta. Kana tafiya a gabanta, layi yana zana tafiyarka a fuskar kwamfutar. Mu dai mun samu abin wasa. Shugaban sashenmu kuwa, dattijo mai tsare gida, yana ganin shiririta ce, kuma kowa ya san ya ce in ya zo ya ga ba ta da amfani za a tattara ta a koma allo.

Ranar da ya shigo, abokina ɗan Assakio ne ke takawa, layi yana hawa sumul. Yaron nan ko a waya yake gaida babba sai ya rusuna. Yana hango dattijo ya zube ƙasa yana "sannu sa". Nan take layin ya yi tsalle ya kai ƙololuwa.

Dattijo ya nuna kwamfutar, ya ce ga mutum a wuri ɗaya, na'ura ta ce ya yi nisa, ashe ƙarya ma take yi. Fuskar malama ta sauya, wallahi ta ba ni tausayi. Sai bakina, wanda bai taɓa shawara da ni ba, ya ce, "Oga sa, abeg don Allah ka gwada durƙusawa da kanka, ƙila kai ba za ta yi maka ƙarya ba."

Na fara tunanin abin da zan gaya wa babana in an kore ni.

Dattijo ya harare ni, ya tattare babbar riga, ya durƙusa a gabanmu. Layi ya yi tsalle. Ya miƙe, layi ya dawo. Ya sake, ya sake, mu kuma muna cije leɓe. Can ya waiwaya bayansa, ya ce a hankali, "Nisan bangon bayana take aunawa in na sauka. Malama, a bar na'urar nan."

Tun ranar na gane cewa mai son sanin gaskiya ba ya jin nauyin gwadawa, ko da gwajin zai kai gwiwarsa ƙasa a gaban sa'annin 'ya'yan cikinsa.