Igiyar Rijiyarmu a Kan Kuka

Shekarun baya, lokacin na gama kwalejin ilimi na dawo ƙauyenmu da ke gefen Makoda ina jiran aiki, zaman banza ya sa na liƙe wa wani abokina ɗan gidan maharba. Ni ban taɓa kashe ko ƙadangare ba, amma ina da baki. Duk inda aka zauna sai in yi ta bayanin farauta kamar a dawa aka yanke mini cibi.

Da kaka ne, an tuge gyaɗa. Abokina ya ce zabin daji na saukowa kiwo da sassafe a wata gona bakin fadama, kuma akwai wata tsohuwar kuka a tsakiyar gonar. In mutum ya hau ya lafe, har gindinta za su zo. Abin da ya rage igiya ce, don tasu ta tsinke.

Na ce, "Wannan ai ba matsala ba ce. Bar mini."

Da aka sallame sallar asuba na zagaya bayan gida na kwance igiyar gugan rijiyarmu. Sabuwa ce fil, mahaifiyata ta aika aka sayo mata a kasuwar Tsanyawa bai fi sati biyu ba, kuma gida huɗu ne ke ɗiban ruwa da ita. A lissafina kafin mata su fito na dawo da ita, ga zabo biyu a hannu, kowa ya yi shiru.

Hawa bai ba mu wuya ba. Abokina ya ɗaura dutse ya wurga, igiya ta haye wani babban reshe ta sauko, muka ɗaure bakinta ɗaya a saiwa. Ya hau, ya janyo bindigarsa harba-ka-ruga, na bi shi. Na zauna na leƙa ƙasa. Ban yarda da ɗaurin saiwar nan ba, gani nake zai kwance. Sai na janyo ɗaya bakin igiyar na ƙulle shi a jikin reshen, ƙulli kan ƙulli har uku.

Abokina ya ce a hankali, "Malam, in mun sauka wa zai kwance wannan?"

Na ce, "Kai dai sa ido kan zabi."

Zabi kuwa suka zo, sun kai goma. Ya saita, ya ɗana. Ƙarar da bindigar nan ta yi har yau ban manta ba. Zabi suka watse ba ko ɗaya da ya faɗi, amma ashe akwai zuma a wani kogo saman kanmu, ba mu lura ba. Kafin hayaƙi ya washe sun rufe mu. Abokina ya jefar da bindiga ya sulale. Ni kuwa ban tsaya sauka irin ta masu hankali ba, na rungumi igiya na zame tun daga sama har ƙasa. Muka ruga cikin karan dawa muka kwanta.

Da abin ya lafa muka dubi juna. Idanunsa biyu sun kumbura kamar an hura, da ƙyar yake gani. Ni tafin hannuwana duk sun saɓule, ko yatsa ba na iya lanƙwasawa. Ga igiya can tana reto a kan kuka. Muka kwance ɗaurin saiwa, ya ja, ya ƙara ja, ƙullin nan nawa sai ƙara tamkewa yake. Rana ta fara ɗagawa. Na san yanzu mahaifiyata na tsaye bakin rijiya da guga a hannu, matan maƙwabta na tsaye da tulunansu.

Hannuna ba zai kama igiya ba. Amma da na zagaya bayan kukar sai na ga turaku a kakkafe jikinta, suna hawa sama kamar tsani. Na ce alhamdulillahi, wannan aikin ƙafa ne, hannu dafawa kawai zai yi. Abokina ya ce in haƙura mu je a faɗa a gida. Na ce kunyar da zan sha ta fi ƙarfina. Na tuɓe takalmi, na taka na farko, na taka na biyu, har na kai na huɗu.

"Kai! Ɗan nan! Sauko!"

Na waiga. Wata tsohuwa ce daga ƙauyen da ke tsallaken fadama, na san ta da ido a kasuwa tana sayar da garin kuka. Tana riƙe da doguwar gora mai lauje a baki, irin wadda ake tsinko ganye da ita, ga ƙwarya a ka.

Na ce, "Iya, ina kwana? Igiya zan kwanto, yanzu zan sauko."

Ta ce, "Ban amsa ba sai ƙafarka ta taɓa ƙasa."

Na sauko ina jin haushi a raina. Ta ajiye ƙwarya, ta ɗaga gorar nan ta ɗan ƙwanƙwasa wani turke da ke can sama, wanda ya fi tsayin mutum uku daga ƙasa. Ba da ƙarfi ba, wallahi, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Sai turken ya ɓalle ya faɗo gabana. Na ɗauka da yatsa biyu, ya marmashe. Gara ta cinye cikinsa, ɓawo kawai ya rage. Ta taɓa na samansa, shi ma ya faɗo.

Ta ce, "Maigidana ne ya kafa su lokacin yana cire zuma. Ya rasu tun kana goyo. Na ƙasa an canza su, masu ganye ke takawa. Na sama ba mai taɓa su."

Na dubi inda zan faɗo. Saiwoyin kukar ne a mimmiƙe kamar duwatsu. Na zauna a ƙasa ba tare da na yi niyya ba.

Ta dubi hannuwana, ta dubi fuskar abokina, ta yi salati. Sannan ta ce, "To maharba, ina naman?"

Abokina ya ce, "Iya, mu ne naman."

Ta yi dariya har da riƙe ƙugu. Daga nan ta shiga ba mu umarni kamar ta saba. Ta sa abokina ya tattaro busasshen kashin shanu ya hura a gindin kuka, hayaƙi ya tashi ya kwantar da sauran zumar. Ta tura ni wata rumfar gona in rungumo gora ta biyu a hammata. Ta cire ɗankwalinta na ciki ta haɗa gorunan biyu ta ɗaure tam. Abokina ya tallafe gindin, ita tana saita baki, tana cewa, "Dama kaɗan. A'a, damarka, ba tawa ba." Da lauje ya kama igiyar dab da ƙulli, ta shiga gogawa a hankali. Can sai ga igiya ta zubo ƙasa gaba ɗaya.

Na ce, "Iya, ai an yanke ta."

Ta ce, "Kamu ɗaya ka rasa. Je ka tambayi uwarka, kamu ɗaya na igiya ko ɗa guda, wanne ta fi so a kawo mata labarinsa?"

Na isa gida da hantsi. Mahaifiyata na zaune a tsakar gida, ta riga ta aro igiya a maƙwabta, an gama ɗiban ruwa tuntuni. Ta buɗe baki za ta fara faɗa sai ta ga hannuwana. Na ba ta labari duka, ban rage komai ba. Da na zo kan turaku sai ta tashi ta shiga ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba. Da ta fito man kaɗanya ne a hannunta. Tana shafa mini tana cewa, "Igiya. Don igiya." Faɗan ke nan gaba ɗaya, kuma ya fi mini duka zafi.

Washegari ta yafa mayafi, ta ɗora ƙwaryar gero a ka, ta ce in wuce gaba in nuna mata gidan. Tun daga ranar zumunci ya ƙullu tsakaninsu. Ba a suna ko biki a gidanmu ba a aika wa Iya ba.

Yanzu ina koyarwa, ina da iyali. In na tuna, abin da ke ba ni tsoro shi ne ban hau turakun nan don ƙarfin hali ba. Gudun faɗan minti biyar ne ya kusa kai ni. Kuma da baiwar Allah nan irin mutanen da ke cewa ba ruwana ce, da ta wuce abinta, ba wanda zai zarge ta.

Ta rasu shekara shida da suka wuce. Ina makaranta aka yi mini waya, na hau babur ban ko rufe aji ba. Na iske ana shirin fita da ita, na kutsa cikin 'ya'yanta da jikokinta na sa kafaɗa. Wani ya tambaye ni ko ni ɗan'uwa ne. Na ce masa ita ta hana a ɗauki makarata, don haka a bar ni in ɗauki tata.

Allah ya jiƙan Iya, ya sa aljanna makomarta.