Zulai, Me Ya Sa Kika Ɓoye Mana?

Da tallan rake na fara a Makarfi. Na gina gida, na sayi motoci biyu, na je Makka, ba wanda ya tallafa min. Da safen nan aka kira ni daga asibiti a Zariya, na tarar duk wannan ba komai ba ne.

Zulai ta rasu. 'Yar yayana marigayi, wadda ta tashi a hannuna.

Jijjiga ce ta kama ta da cikin wata bakwai.

Yarinyar da in na dawo daga kasuwa ita ke cire min sartsen rake a tafin hannu da allura, tana min faɗa: "Baffa, ka yi kuɗi amma hannunka bai sani ba."

Ganina da ita na ƙarshe wajen wani suna ne a Likoro. Na gan ta da silifas ɗin mijinta. Na ce, "Amarya, har takalmin maigida kika ƙwace?" Ta rufe fuska ta ce, "Baffa, ƙafar ce ta ƙi nawa." Mata suka kwashe da dariya, wai 'yan biyu ne. Ni ma na yi dariyar.

Ashe kumburin nan ciwo ne.

Cikin fari ne, kunya ta sa ta ɓoye shi har ga uwar da ta haife ta. Awo sai da ciki ya fito ta fara zuwa. Likita ya ce min da ta zo tun yana wata uku, akwai hoton da ake yi a duba yadda jini ke zuwa mahaifa, a gwada hawan jini, in an ga haɗari a ɗora ta kan 'yar ƙwaya kullum.

Wata uku! Lokacin motata tana wuce ƙofar gidanta a Malikanchi kowace Laraba.

An ciro jaririya, tana cikin kwalba. Ba a ba mu tabbas ba. Wallahi ban iya kallonta ba.

Allah Ya jiƙanki, Zulai, Ya karɓi shahadarki. Duk wanda ya karanta, ya sa ta a addu'a, ya roƙa wa jaririyar nan kwana.

Masu unguwannin Malikanchi, ku rubuta sunana: Shitu mai rake. Duk mai ƙaramin ciki, motata za ta kai ta hoto, ba wanda zai ji a bakina. Ku rubuta. Tawa dai ta riga ta tafi.