Ni Aka Jira Ranar da Zuciyar Mma Ta Gaji

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifiyarmu, Mma Asana mai koko da ƙosai a Aboabo, kuma har yau ban daina tuhumar kaina a kan ranar da ta tafi ba.

Ta gama sayar da kokonta, tana wanke tukunya, sai ta dafe ƙirji ta zauna. Gumi mai sanyi ya keto mata, hannuwanta suka yi sanyi ƙalau, maganarta ta fara harɗewa. Ƙanwata Ramatu ta lulluɓe ta da bargo, a zatonta zazzaɓi ne. Tasi na wucewa ta ƙofar gida, asibiti ba nisa, amma ba wanda ya ɗaga ta. A gidanmu ba a fita da uwa zuwa asibiti sai babban ɗa ya ce a fita, kuma ni ne babban. Ina can unguwar Atonsu wajen ɗaurin aure, wayata a kashe cikin aljihu, ina ta gaisawa da mutane ina dariya. Kafin in kunna ta, in ratsa cunkoson motoci, awa biyu ta wuce.

Likitan da ya karɓe mu bai yi mana faɗa ba. Ya ce jijiyar da ke ciyar da zuciyarta ce ta toshe, zuciyar ba ta tsaya ba, ƙarfin tura jini ne ya ƙare mata, ƙoda da ƙwaƙwalwa suka bi baya. Ya tambayi lokacin da abin ya fara. Ramatu ta faɗa masa, ya duba agogo. Kafin la'asar Mma ta cika.

Da tana raye yau, da ta ga abin mamaki. Jikarta Hajara, 'yar Ramatu, wadda ta sha rankwashi saboda satar ƙosai, yanzu ma'aikaciyar jinya ce a sashen masu ciwon zuciya. Likitocin wasu ƙasashe sun haɗa kai da namu, suna zuwa su koyar, su ma su koyi yadda ake aiki inda kayan aiki suka yi ƙaranci. Idan aka kawo mai irin ciwon Mma, akan kira su ta bidiyo a duba shi tare. Na san Mma, da ta taɓe baki ta ce wane irin likita ne wannan da ba ya taɓa goshin mara lafiya. Daga baya kuma ta aika masa da koko.

Na tambayi Hajara ko da wannan tsarin kakarta za ta tsira. Ba ta lallashe ni ba.

“Kawu, wataƙila. Amma har yanzu mutanen Zongo latti suke zuwa paa, latti sosai. Likita yana nan, magani yana nan, ana can gida ana jiran Alhaji ya yi magana.”

Wannan maganar ta tsaya mini a rai, don ilimin da ya ƙetaro teku bai shigo tsakar gidanmu ba. Ni ma bara aka ce zuciyata ta fara rauni. Sai na tara iyalina bayan sallar Juma'a, na ce musu ranar da na faɗi kada a jira kowa, ko babban ɗana da ke aiki a Akara. Wanda ke kusa ya tsayar da tasi.

Ramatu, wadda ta fi kowa sanin abin da jira ya jawo mana, ta sunkuyar da kai.

“Yaya, in mun ɗauke ka ba da izininsa ba, ka mutu a hanya, me za mu ce masa?”

Tsoro ya kama ni. Mma ce ta koya mana girmama na gaba, kuma a cikin abin da ta bari babu wanda ya kai shi daraja. Shi ya riƙe mu tare shekara tara ba mai jin kanmu. Allah Ya jiƙan ki, Mma, tarbiyyarki ta kama mu sosai. Ta kama mu har na ba da umarni a gidana, ni babba, kuma ban tabbata za a bi shi ba ranar da bakina ya kasa maimaitawa.